Rigar Ruwan Saje Jona

A ƙarshen layin 'yan gwanjo na kasuwar Maiduguri, inda inuwar dalbejiya take faɗowa kan rumfuna bayan azahar, akwai wani tsohon tela mai suna Yoila. Ba ya ɗinka sabon kaya. Aikinsa gyaran tsofaffin kwat ne, da rigunan ruwa, da jaket irin na sojan da, waɗanda ake tsinta jefi-jefi idan an kwance dilar kaya. Idan ka miƙa masa riga ba ya fara duban fuskarta. Juya ta yake yi ciki waje, ya bi ɗinkin hammata da ɗan yatsa, ya shinshina shafin, sannan ya gaya maka ko ta cancanci allurarsa.

Mutumin ƙasar Biu ne. A makarantar mishan ya koyi karatu da waƙar coci da taka keken ɗinki. Ya zo Yerwa, wato Maiduguri, yana saurayi a bayan motar gyaɗa, zamanin da jirgin ƙasa yake kuka a tasha, ma'aikatan reluwe kuma suna sa baƙin kwat mai botin ƙarfe. Su ne suka fara ba shi aiki. Har yau in ya taɓa yadin zamani sai ya murza shi tsakanin yatsu ya ce wannan leda ce aka yi wa kwala.

Abin da ya zo da shi daga gida akwatin kwano ɗaya ne, kuma riga guda ta cinye rabinsa. Rigar ruwa ce ta ubansa, Saje Jona, wanda ya je yaƙin Bama na zamanin Turawa, can ƙetaren teku, ya dawo da ƙafafunsa biyu da wani tari da bai rabu da shi ba har kabari. Wani hafsa ne ya bar masa ita ranar da aka sallame su. Doguwa ce har ƙwauri, launin ƙasa-ƙasa, da botin jere biyu a ƙirji, da ɗamara mai zoben tagulla, da 'yan maɗaurai a kafaɗa da wuyan hannu. Saƙarta matsattsa ce, ruwa in ya faɗa mata sai ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza. Saje yakan sa ta zuwa coci kowace Lahadin damina, ko da sama fes take. A kafaɗar hagu akwai inda ƙaya ta taɓa yage ta. Uwar Yoila ta ɗinke wurin da zaren da ta kaɗa da hannunta, ta rina shi da ruwan goro don ya saje. Da Saje ya rasu baffanni suka yi ta ja-in-ja kan gona da awaki, amma rigar ba wanda ya yi gardama. Ta babban ɗa ce.

Maƙwabcin rumfar Yoila wani ne Harun, ɗan Tahir dillalin shanu. Iyayensu makiyaya ne da suka zauna gari. Harun ba ya son warin turke, sai ya shiga gwanjo, kuma a bakin keken Yoila ya koyi bambanta kwat na ƙwarai da na banza. Yoila ya girme shi nesa ba kusa ba. Da Sallah Harun yakan aika musu cinya guda, da Kirsimeti Phebe matar Yoila takan aika shinkafa da kaza. Haka suka zauna shekara da shekaru.

Sai shekarun tashin hankali suka zo. Ba sai an tsaya gaya wa mutumin Maiduguri yadda suka kasance ba. A lokacin duk wani tufa mai kama da kaki ya zama masifa a hannun farar hula, ba ka san wanda zai gan ka da shi ba, ba ka san abin da zai ɗauke ka ba. 'Yan gwanjo suka yi ta ƙone jaket a bayan rumfa. Yoila ma ya ƙone nasa, masu kyau, yana kallon botin suna narkewa. Ta ubansa ce ya kasa. Da aka fara raɗe-raɗin za a bi gida-gida ana bincike a unguwarsu ta Tsohuwar Maiduguri, Phebe ta durƙusa masa.

"Maigida, riga ce fa. Muna da 'ya'ya a gidan nan."

Ya kunna ashana sau biyu, sau biyu yana kashewa. Da ya faɗa wa Harun, Harun ya dafa shi.

"Malam Yoila, ba a sa mutum ya yanka akuyar da ya rena. Kawo ni in yi maka. Akwai gidan burodi a bayanmu, tanderunsu ko botin ba ya bari."

Yoila ya ninke ta yadda ubansa yake ninkewa, hannuwa ciki, ɗamara a nannaɗe, ya sa a buhun shinkafa ya ba shi. Washegari Harun ya ce, "An gama." Yoila bai tambayi komai ba. Tun daga ranar ya ɗauki kansa mutumin da ya miƙa ubansa ga wuta saboda tsoro, kuma duk Lahadin da aka tashi da hadari sai Phebe ta ga ya zauna a bencin baya, ba ya buɗe baki a waƙa.

A hankali gari ya lafa. Wani abin mamaki kuma, tsofaffin rigunan nan da aka yi ta ƙonewa suka zama abin nema. Samarin Abuja da Legas suna ganinsu a waya suna aiko a kai musu, tsufan riga shi ne darajarta. Harun ya gane wannan kafin kowa. Ya bar rumfa ya kama babban shago a bakin layi, ya je Makka, ya gina gida a Limanti, ya yi abokai a GRA. Gaisuwarsa da Yoila ta koma ɗaga hannu daga cikin mota.

Wata safiya da damina, ana yayyafi, Yoila yana kakkaɓe ruwa daga tamfol ɗin rumfarsa da sanda, ya hango Alhaji Harun ya fito daga mota cikin wata doguwar rigar ruwa a kan kaftaninsa. Tun daga yadda gindinta yake kaɗawa Yoila ya ji kamar ya san ta. Ya ajiye sandar ya taka a hankali. Alhaji yana tsaye da wani baƙo mai tabarau, baƙon yana shafa hannun rigar.

"Wannan kam ba ta sayarwa ba ce," in ji Alhaji. "Ta babanmu ce, marigayi. Da ita ya dawo daga Bama."

Yoila ya tsaya a bayansa, idonsa a kan kafaɗar hagu. Ga ɗinkin uwarsa nan, zaren ya ɗan koɗe. Ya jira har baƙon ya tafi.

"Alhaji, ina kwana."

"A'a, Malam Yoila! Wushe, wushe. Yaya jiki, yaya tsufa?"

"Tanderun gidan burodinku yana da amana. Ya mayar da abin da aka ba shi, har da guga."

Alhaji ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. "Irin wannan riga ai Turawa sun ɗinka ta ba iyaka."

"Uwata kuwa ɗaya ta ɗinke wa kafaɗa."

Nan Alhaji ya ja shi gefe ya sassauta murya. "To, mu yi gaskiya. Ka ba ni ita in ƙone, ko ba haka ba? Ni na sa wuyana na ɓoye ta a cikin rufin ɗaki, lokacin da kai ko kallonta kana tsoro. Da na bi maganarka da yanzu toka ce. Ka yar, na tsinta. Mene ne naka a ciki?"

"Rigar na yar. Uban fa, shi ma tsintarsa ka yi?"

"Kai, Malam Yoila, maganar kasuwa ce. Je ka gyara tamfol ɗinka, ruwa zai shiga keke."

Yoila ya koma rumfa ya zauna, bai taka keke ba ranar. Ba shi da shaida in ban da matarsa, kuma ya san wanda za a gaskata tsakanin mai shago da mai rumfa. Phebe ta ce ya bar wa Allah. Ya ce ya taɓa barin rigar nan ga wani, ya ga yadda aka yi. Ba rigar kaɗai yake so ba yanzu. So yake Harun ya tuɓe ta da hannunsa a gaban jama'a.

Akwai wani maroƙi da ake kira Ba'ana, ɗan guntun mutum mai murya kamar kakaki, wanda ba a ɗaurin aure a Limanti ba shi. Tsohon mai kawo wa Yoila aiki ne. Al'adar masu hali ce idan maroƙi ya kai su maƙura da kirari su tuɓe rigar jikinsu su jefa masa, to da yake manyan mutane manya ne, Ba'ana kuwa ƙarami, sai ya riƙa kawo wa Yoila yana rage masa su. Da aka sa ranar auren Hisham, ɗan Alhaji Harun, da 'yar wani tsohon gida na cikin gari, Yoila ya tare Ba'ana da shayi.

"Ka taɓa cin rigar Alhaji Harun?"

"Wa? Harun?" Ba'ana ya tofar da ganyen shayi. "Ranar sunan jikansa na yi masa kirari har muryata ta dushe, ya sallame ni da goro ɗaya, shi ma mai tsutsa."

"Yana da wata rigar ruwa da yake ji da ita. In an tashi da hadari zai sa ta, don surukai su gani. Za ka iya raba shi da ita?"

"Ba Yoila," in ji shi, don haka 'yan Yerwa suke kiran baba, "na raba mutum da dokinsa, balle riga."

"In ka samo, tawa ce. Ni kuma duk rigar da ka kawo har in mutu, gyaranta kyauta ne."

Suka tafa. Yoila bai gaya masa tarihin rigar ba, ya ce dai yana sonta.

Ranar ɗaurin aure aka tashi sama ta yi baƙi ta gabas. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan amarya, manya sun cika rumfa, ƙamshin turaren wuta yana fitowa daga cikin gida. Yoila ya tsaya can baya wajen masu keke, da hularsa ta zuwa coci. Alhaji Harun ya iso cikin rigar, ya ɗaga kwala, ya bar ɗamara tana lilo. Aka shafa fatiha, aka raba goro da alewa. Sai Ba'ana ya miƙe ya share murya.

Bai fara da Alhaji ba. Ya bi surukai ɗaya bayan ɗaya, yana jero kakanninsu, har wani dattijo a cikinsu ya cire hularsa mai aiki ya miƙa masa. Sannan ya juyo.

"Ina ɗan soja! Ina ɗan wanda ya ƙetare teku ya dawo da ƙafarsa! Harun na Tahir, Tahir na Bama! Jama'a ku dubi abin da ke jikinsa, ba a kasuwa aka saya ba, a bakin bindiga aka samo!"

Alhaji ya yi murmushi, ya sa hannu a aljihu ya miƙa masa kuɗi. Ba'ana ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi.

"Takarda? Ni? Yau? Surukinka ya ba ni abin da ke kansa, kai ka ba ni abin da ke aljihu? Ɗan soja ba ya jin sanyi! Ɗan soja ba ya tsoron ruwa! Wanda ubansa ya ba da jininsa, riga ce za ta gagare shi?"

Aka fara dariya ana tafi. Alhaji ya ce a hankali, "Ba'ana, gobe ka zo gida, akwai babbar riga sabuwa." Ba'ana ya maimaita maganar da ƙarfi don kowa ya ji, ya ƙara da cewa shi bai san gobe ba, yau ya sani. Dattijon da ya ba da hula ya juyo yana kallon Alhaji, kansa a buɗe. Kallon nan ne ya gama aikin. Alhaji Harun ya miƙe, ya zare hannu ɗaya, ya zare ɗayan, fuskarsa kamar ta mai haɗiye maɗaci, ya jefa wa Ba'ana rigar. Guɗa ta tashi daga cikin gida. Yoila ya ji wani daɗi ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa, har ya sayi gyaɗa ya ci a tsaye, abin da bai taɓa yi ba a bainar jama'a.

Washegari da sassafe ya buɗe rumfa yana jiran Ba'ana. Ba'ana bai zo ba sai da rana ta take, kuma sanye da rigar ya zo, gindinta yana sharar ƙasa, hannuwan sun haɗiye yatsunsa.

"To, tuɓe," in ji Yoila.

"In tuɓe? Yanzu? Ba Yoila, ashe zamanka a Yerwa na banza ne. Rigar da aka tuɓe wa maroƙi ai sai ya zaga gari da ita, kowa ya gani, ya faɗi wanda ya ba shi. In na ba da ita yau, gobe wa zai sake tuɓe mini ko ɗankwali? Waɗanda nake kawo maka, ka ɗauka daga jikin masu su suke zuwa? Sai sun gama yawonsu."

"Har yaushe?"

"Sai damina ta wuce."

Ƙarshen al'adar kawai Yoila ya sani, bai taɓa ganin tsakiyarta ba. Haka ya zauna yana kallo, damina guda, rigar Saje Jona tana yawo gidan suna da gidan biki a jikin maroƙi, tana kwasar miya da taɓo, kuma duk inda ta shiga sai an ji muryar Ba'ana: wannan kyautar Alhaji Harun ce, ɗan Tahir na Bama, wanda ya tuɓe gadon ubansa ya bayar. Ƙaryar da a da ake yi wa baƙo ɗaya a bakin shago, yanzu duk gari ya haddace ta. Mutane suka fara kiran Alhaji da Ɗan Soja. Shi da ya shiga shago da baƙin rai, sai ga shi yana fitowa yana amsa sunan da ɗaga hannu. In ya wuce rumfar Yoila har tsayawa yake yi.

"Malam Yoila, ka ji abin da gari yake faɗa? Allah ya saka wa wanda ya shirya mini wannan."

Da kaka ta yi Ba'ana ya cika alkawari. Yoila ya kwana biyu yana wanke rigar da ruwan sanyi da soso mai laushi, ya shanya ta a inuwa, ya mayar da botin biyu da suka ɓace da mafi kusa da su da ya samu. Ran Lahadi ya sa ta zuwa coci. Tun kafin ya kai bakin titi wani mai shayi ya ɗaga murya.

"Baba, ai wannan rigar Ɗan Soja ce! Har ta iso gare ka? Kai, Alhaji akwai alheri."

A ƙofar coci ma haka. Yana sanye da rigar ubansa, ana yi masa kallon wanda ya ci sadakar Harun.

Kwanaki suka wuce. Sannan wata safiya ya sa rigar, ya ɗaure ɗamara, ya ɗauki kujerarsa ya kai ta gindin dalbejiyar da ke fuskantar shagon Alhaji, ya zauna da ɗinkin hannu. Ba a jima ba wani dillali ya tsaya.

"Baba Yoila, rigar uban Alhaji ce wannan ko?"

"Ita ce," in ji Yoila, bai ɗaga kai ba. "Ta ubanmu ce."

"Ubanku?"

"To, ni dai na san ta ubana ce, Saje Jona, a bayanta na girma. Alhaji kuma ya ce ta ubansa ce. Alhaji ba zai yi ƙarya ba, mutumin da ya je Makka. Ni ma da furfurata ba zan yi ba. Ka ga ashe uba ɗaya gare mu. Tsoho ya yi yawo bayan yaƙi, ban dai san ya biyo ta nan ba." Ya ciji zare, ya juya wajen shago. "Ƙanena! Ka karya kuwa?"

Kafin la'asar maganar ta kai ƙarshen layi ta dawo. Yoila bai ƙara mata gishiri ba, bai kuma rage ba. Kullum zai zo ya zauna, ya gaida ƙanensa da ladabi, ya tambayi lafiyar 'ya'yan ƙanensa, wani lokaci har ya dubi Alhaji ya girgiza kai ya ce goshin nan na tsoho ne sak. Tsofaffin 'yan layi, waɗanda suka san Tahir da sandarsa a kasuwar shanu, su suka fi kowa dariya. Alhaji ya shiga tsaka mai wuya. In ya ce ƙarya ne, sai a tambaye shi ta wace ce ƙaryar. In ya yi shiru, ya yarda. Ya aiko a ba Yoila shago a wani layi, Yoila ya ce ba zai yi nesa da ɗan'uwansa ba.

Phebe ba ta ji daɗin abin ba. "Maigida, ka san abin da kake faɗa kuwa? Uwar mutumin nan kake zagi. Matar tana kabari, me ta yi maka?"

"Ubana ma yana kabari. Me ya yi masa?"

"Kai dattijon coci ne."

"Shi ya sa ban ɗaga murya ba."

Alhaji yana da yaya mace, Hajja Nasiha, wadda take zaune wajen kasuwar shanu. Ta ji kirarin Bama tun ranar biki ta yi tsaki kawai, don ta san ƙari sana'ar maroƙi ne. Amma da wata mai kitso ta kawo mata sabuwar maganar, ko gama kitson ba ta bari an yi ba. Ta yafa lafaya ta hau keke mai ƙafa uku. Da ta sauka a bakin layi, Yoila ta fara nufa.

"Kai ne Yoila?"

Ya miƙe ya cire hula. "Ni ne, Hajja. Sannu da zuwa."

"Riƙe sannunka. Kai ne kake cewa uwata ta san wani namiji ban da Tahir?"

"Ni ban taɓa ambaton mahaifiyarki ba, Hajja. Riga ɗaya ce, an ce ta uban mutum biyu ce. Lissafi kawai na yi."

Ta dube shi, ta dubi rigar, ta juya ta nufi shago. Jama'a sun riga sun taru. "Harun! Fito!"

Ya fito yana gyara hula. "Ya Hajja, mu shiga ciki mana."

"A ciki aka zage ta? A nan aka zage ta, a nan za ka wanke ta. Ubanmu ya taɓa zuwa Bama?"

"Ya Hajja, maganar kasuwa..."

"Mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba! Mutumin da ya mutu da kaskar shanu a ƙafarsa! Kunyarsa kake ji? Shanunsa ne suka yi maka jarin tsummokaran nan. Faɗa musu rigar wa ce."

Alhaji ya dubi ƙasa. "Ba ta babanmu ba ce."

"Ban ji suna ba," in ji Yoila daga gindin bishiya.

"Ta Jona ce."

"Saje."

"Ta Saje Jona ce."

"Yaya aka yi ta zo hannunka?"

Hajja ta ce, "Amsa masa."

"Ya ba ni in ƙone masa lokacin tashin hankali. Na ce na ƙone. Ban ƙone ba."

Ba wanda ya yi dariya a lokacin. Hajja Nasiha ta gyara lafayarta, ta dawo gaban Yoila, ta nuna shi da yatsa mai lalle.

"Ka samu abinka. Shi ya cuce ka, na ji. Amma kai ka ja uwata a ƙasan kasuwa don riga. Ban yafe maka ba, kuma ba zan yafe ba."

"Na ji, Hajja," in ji Yoila. Bai ba ta haƙuri ba. Ya ɗauki kujerarsa ya koma rumfa.

Daga ranar bai sake kiran Alhaji ƙanensa ba. Kasuwa ce ba ta daina ba. Ɗan Soja ya mutu, Ƙanen Yoila ya maye gurbinsa. Masu dako suna kwatance da shi, a kai dila shagon Ƙanen Yoila. Har surukan Alhaji na cikin gari an ce sun ji, sun kuma yi masa irin kallon nan nasu.

Bayan wasu watanni, da zafin bazara, Alhaji Harun ya tako da ƙafarsa har ƙarshen layi. Ya rame kaɗan. Ya zauna a kan bencin da yake zama yana saurayi, ba a ce masa ya zauna ba.

"Malam Yoila, ka karɓi rigarka. Ka karɓi sunan ubanka a gaban kowa. Me ya rage? Jikokina ana tsokanarsu a makaranta. In kai ka ce a daina, za a daina."

Yoila yana farke shafin wata jaket, yana bin ɗinkin da reza a hankali don kada ya taɓa yadin.

"Ni na daina tun ranar."

"Ka faɗa musu."

"Shekarun da na yi ina ganin na ƙone ubana, kullum kana wucewa ta gaban rumfar nan. Kalma ɗaya ce, Harun. Ba ka faɗa ba."

Wani mai tura ruwa ya zo wucewa, ya rage gudu ya ɗaga hannu. "Ƙanen Yoila, barka da rana! An zo gaida yaya?"

Alhaji ya dubi Yoila. Yoila ya hura zaren da ya maƙale a bakin rezar, ya amsa wa mai ruwan.

"Barka kadai. Yaya aiki?"